Kadan da Ya Mutu Sau Takwas

A ƙofar shagon wani dattijo ɗan garinmu a unguwar Nkembo muka zauna, mu tara, za mu rubuta tarihin ƙaramar hukumarmu ta bakin kogi. Ni aka ba biro. Kafin shayi ya huce, kowanne cikin takwas ɗin ya rantse kakansa ne jarumin da ya kashe kadan da ya addabi mashaya. Sau takwas kadan nan ya mutu, bawan Allah.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Kai fa, ɗana, kakanka me ya yi?"

Na ce, "Mai fito ne kawai, Baba. Shi yake tsallakar da jaruman, sun ƙanƙame gefen kwalekwale suna salati."

A ranar aka karɓe biron.