Jar Gansakuka a Tankin Merv

Shekaru masu yawa ni nake riƙe wa Merv Spiteri tiyon iska. Shi yana can ƙasan teku yana tsinto murjani da ƙananan kifaye masu launi, ni kuwa ina kan jirgi ina gadin injin da ke tura masa numfashi, rana tana gasa min ƙeya. Aikinmu ke nan a garin Mackay tun muna da gashi a ka: mu kamo, mu sayar wa masu shago, su kuma su sayar wa mutanen birni su ajiye a falo. Muna da lasisi, kada wani ya ɗauka ɓarayin teku ne mu.

Merv gajere ne mai faɗin ƙirji, jikan mutanen Malta da suka zo saran rake. A kan tudu ba shi da wani amfani. Bai iya rawa ba, bai iya hira ba, in ya shiga coci sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Yadda aka yi Glenys ta aure shi har yau ban gane ba, don ita mace ce mai baki, kuma ta fi shi tsawo. Amma da ya faɗa ruwa sai ka ga mutum ya koma gidansu. Yakan ja tiyo sau biyu in ya ga abu mai kyau, ba don in yi wani abu ba, don kawai in san ya gani.

Da kunnuwansa suka lalace likita ya hana shi nutso, sai ya kawo tekun cikin falo. Ya haɗa tankin gilashi mai tsawon gado, ya sa Glenys ta kwashe kabad ɗinta na tangaran don ya samu wuri, abin da ta yi shekara tana yi masa gori a kai. Ya jera duwatsu, ya dasa murjani mai rai, ya ɗora fitilu a sama. A cikin kifayen akwai wasu biyu masu launin ruwan lemo da farin zane, mace da namiji. Macen ta fi girma kuma ita ke korar kowa, sai ya sa mata Uwargida. Namijin, da kullum yake rakuɓe a gefe, ya sa masa Bawan Allah.

"Ka ga gidanmu ke nan," in ji shi.

"Na ji ka, ɗan tsoho," in ji Glenys daga kicin. "Shi dai wancan bawan Allahn ba ya barin safa a kan kujera."

Ban taɓa ganin tanki mai tsabtar nasa ba. Yashin fari tas, gilashin kamar babu shi. Abincin kifi kuwa da bakin wuƙa yake ɗiba, sau ɗaya a wuni, kuma yana zagin duk wanda ya ƙara ko ƙwaya. Yakan ce yawancin kifayen da muka sayar ba yunwa ce ta kashe su ba, masu su ne suka ɗura musu abinci har ruwan ya ruɓe.

Sai mantuwa ta zo masa. Da fari makulli ne, daga baya hanyar gida, daga baya sunan jikokinsa. Ni kaina wata rana ya dube ni ya tambaye ni ko na zo gyaran firji ne. Na yi dariya a gabansa, na je mota na zauna na kasa tayar da ita. 'Yarsu Rhonda ta taso daga Brisbane ta ce a kai shi gidan kula da tsofaffi, ta riga ta ga wani mai kyau.

"Mama, zai buɗe ƙofa wata rana ya bi titi. Ke kaɗai ba za ki iya ba."

"Muddin ya san nan gidansa ne, ba inda za shi," in ji Glenys. "Ranar da ya daina sani, ki zo ki ɗauke shi, ba zan ce uffan ba."

A kan haka suka rabu. Kuma abin da ya sa Merv ya san nan gidansa ne, tankin nan ne kaɗai. In ya farka a ruɗe yana neman takalminsa wai zai tafi gida, Glenys takan ja hannunsa zuwa falo ta tsayar da shi gaban gilashi. Sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "A'a, Uwargida, kin tashi?" Daga sunan kifi sai ya tuno nasa, daga nasa ya tuno na matarsa. Ya ɗauki gwangwanin abinci ya ba su, ya zauna, wunin ya tafi lafiya.

Matsalar ita ce yana mantawa ya ba su. Ya ba su da safe, ya sha shayi, ya dawo ya ce yau ba a ba yaran nan komai ba. Kafin azahar ya ba su sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Kuma ba da bakin wuƙa ba yanzu, da hannu yake dumbuza. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zagin masu wannan hali, shi ne ya zama babbansu. Abin yana ba ni haushi har yanzu, kuma ban san wa zan ji haushinsa ba.

Jan abin ya fara ne a wani lungu na yashi, ɗan tabo kamar an ɗiga jini. Kafin wata ya kama ya shimfiɗu a kan yashin duka, ya hau duwatsu, ya fara lulluɓe murjanin. Ja ne mai duhu, mai yauƙi, da ƙananan kumfa a maƙale a jikinsa, in ka taɓa sai ya saɓule kamar fatar madara. Warinsa na kwata ne. Glenys ta yi masa irin abin da take yi wa ƙazantar kicin, ta sa soso ta dirje. Washegari ya dawo ya fi na jiya, don dirzar ta watsa shi ko'ina.

Na kai ta wurin Thuy, matar da ke da shagon kifi a bakin kasuwa, wadda uwarta ta sha sayen kaya a hannunmu. Thuy ta dubi hoton a waya ta tsuke baki.

"Jar gansakuka ce, Anti. Sunan kawai ake kira, amma ba ma tsiro ba ce, ƙwayoyin cuta ne. Abu biyu take ci, ragowar abinci da haske. Wa ke ba kifin abinci?"

Glenys ta dube ni. Ni na amsa, na ce Merv ne.

"To a rage abincin," in ji Thuy a hankali, don ta san Merv. "A zuƙe ta da tiyo, a sauya ruwa. In ta ƙi, sai duhu. A kashe fitilu, a rufe tankin ruf da kwali kwana uku, ko ɗigon haske kada ya shiga. Kifi ba abin da zai same su. Amma in aka bar ta haka za ta shaƙe murjanin, ya ruɓe, ruwan ya kashe kifayen."

Muka fara da mai sauƙin. Ina zuwa da safe in zuƙe jan da tiyo cikin bokiti, in ɗauko sabon ruwan gishiri. Glenys ta ɓoye gwangwanin abinci. Merv ya birkice gidan yana nema, ya ce ɓarayi sun shigo, har ya ɗaga mata hannu, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ta fito da gwangwanin ta bar ɗan kaɗan a ciki. Ya juye shi gaba ɗaya, ya ga bai isa ba, ya shiga kicin. Ranar na tarar da ɓawon jatan lande da gutsuren burodi mai man shanu suna yawo a saman ruwa.

"Mutumina, wannan kuma liyafar wa ake yi?"

"Yunwa suke ji," in ji shi. "Matar nan ba ta ba su komai. Ba ta san kifi ba."

"Ka ji ko, matarmu? Wai ba ki san kifi ba."

"Na san wari dai," in ji Glenys, amma ba ta yi dariya ba.

Sai wani kifi rawaya ya mutu. Merv ne ya gan shi kwance a kan jan yashin. Ya yi kuka kamar yaro, muka binne kifin a gindin mangwaro. Bayan awa ɗaya ya dawo yana ƙirga kifayensa ya ga babu rawayan, ya tambaya, aka gaya masa, ya sake sabon kuka. Haka aka wuni. Da yamma na ga Uwargida ta hau saman ruwa tana haki, Glenys ma ta gani.

Ta biyo ni har mota.

"Col, in waɗannan biyun suka mutu, shi ke nan, na rasa shi. In na rufe tankin kuma, me zan nuna masa in ya tashi da safe?"

"Kwana uku ne kawai," na ce.

"A wurinka."

Na so in ce a bari, na so in ce a rufe, duka biyun na ga ramin da ke gabansu. Ita ta yanke da kanta. Washegari da hantsi na zo da kwalayen mangwaro da salatif, muka zuƙe abin da za mu iya, muka kashe fitilu, muka naɗe tankin ta kowane gefe. Famfon da ke juya ruwan tankin kaɗai muka bari yana aiki, da na'urar sanyaya ɗaki don kada ruwan ya yi zafi.

Merv ya fito daga wanka ya tsaya a ƙofar falo yana kallon dogon akwatin nan a rufe.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, ɗan tsoho. Kifayenka ne suke hutawa. Ba su da lafiya."

"Wa ya mutu ba a gaya min ba?"

Ya je ya fara yage kwalin. Na riƙe shi, ya ture ni, har yanzu da ƙarfinsa. Da ƙyar muka fitar da shi baranda ta baya, Glenys ta kulle ƙofar falon. Na ɗauke shi a mota na kai shi bakin tashar jiragen ruwa, na saya masa soyayyen kifi da dankali, na yi ta ba shi labarin wuraren da muka yi nutso. Yana ci yana gyaɗa kai irin na mutumin da ba ya son ya kunyata baƙo.

Rana ta biyu ya tashi yana neman takalmi zai tafi gida, kuma ba abin da za a nuna masa. Glenys ta nuna masa hoton tankin a waya, ya kawar da kai. Ta ce min ta tsaya a ƙofar falon da makulli a hannu, tana jin sa yana kiran uwarsa da ta rasu tun muna samari, ta kusa buɗewa. Amma ta tuna Thuy ta ce in haske ya shiga a tsakiya an yi aikin banza, sai a sake daga farko. Ta mayar da makullin aljihu. Ya wuni yana zagaya tsakar gida yana taɓa katanga. A rana ta uku ya daina tambaya. Ya zauna a baranda ya ɗora hannuwa a gwiwa, aka ba shi abinci ya ci, aka ce ya tashi ya tashi. Glenys ta ce ya samu sauƙi. Ni shirun nan ya fi ihun ba ni tsoro.

Da muka cire kwalayen, sai da na ja numfashi. Jan ya tafi. Ɗan abin da ya rage ya yi toka-toka ya saki duwatsun, na zuƙe shi cikin minti kaɗan. Yashi ya fito fari, murjanin ya fara buɗewa da aka kunna fitila, Uwargida ta fito tana korar Bawan Allah kamar ba abin da ya faru. Tankin ya koma yadda Merv yake ajiye shi a zamanin da yake Merv.

Glenys ta canza riga, ta taje masa kai, ta riƙo hannunsa zuwa falo. Ta tsayar da shi a inda ya saba tsayawa. Muka koma gefe muna jiran kafaɗun nan su sauka.

Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya bi kifayen biyu da ido. Sannan ya juyo wurinta da fara'a, cikin ladabi.

"Baiwar Allah, kifayenki suna da kyau. Wa yake kula miki da su?"

"Mijina," in ji ta.

"Ya iya aikinsa," in ji Merv. Ya dubi ƙofa. "To, ni zan koma. Ko akwai wanda zai rage min hanya?"

Mun yi ta gwadawa har mako ya zagayo, safe da yamma. Ta kira masa sunayen kifayen, ya ce sunaye ne masu ban dariya. Likita ya ce ba lallai rufe tankin ne ya jawo ba, ciwon haka yake tafiya, yana iya yanke wa mutum hanya a kowace rana. Wataƙila gaskiyarsa. Glenys ba ta yi masa musu ba, kuma ba ta yarda ba. Ita da kanta ta kira Rhonda, kamar yadda ta yi alkawari, kuma ba ta ce uffan ba ranar da aka zo ɗaukarsa. Shi ne ma ya yi mata godiya a bakin mota saboda karɓar baƙi.

Ina zuwa har yanzu in sauya mata ruwa. Ita take ba su abinci, daidai yadda ya kamata, kuma jan bai sake fitowa ba ko sau ɗaya. Rannan ina naɗe tiyo na ce mata tankin ya yi kyau, don in samu abin faɗa. Ta tsaya tana duban farin yashin nan, hannunta a naɗe a ƙirji.

"Kullum da safe sai na duba lungunan," in ji ta. "Wallahi Col, da zan ga ɗan tabo ja, da na ji daɗi."