Masu Dubiyar Kawu Mai Aski

Wa ke zuwa dubiya ya ɓuge da neman aski? Kawuna mai aski ne. Jijiyar kafaɗarsa ta yage, likita ya ɗinke, ya hana shi ɗaga hannun sai bayan mako shida.

Sai ga abokan cinikinsa da sallama. "Sannu, Kawu! Ɗan gyara kawai. Na shagon gaba ya mai da kaina gonar da awaki suka shiga."

Kawu bai iya cewa a'a ba. Kai tara na ƙirga, a na goma ɗinkin ya tsinke. Yanzu ko hula ni nake sa masa, ga tiyata ta biyu tana jira.

Ɗaga gwiwar hannunka daidai kunne minti biyar, ka ji abin da marasa tausayin nan suka sa shi.