Ƙarfe Tara ta Yamai

Har gobe ban manta da ranar da na kusa zuba shanu a gaban jirgin sama ba. Zamanin Turawa ne, ina ƙaramin akawu a filin jirgin Sakkwato, ban cika shekara da kama aiki ba. Filin fa ba irin na yanzu ba ne. Fage ne aka share, ga rumfa ɗaya, ga hanyar shanu ta ratsa gefensa. Aikina in karɓi waya in rubuta lokacin da jirgi zai sauka. Shi kuma Baba Mamman, helma, wato shugaban leburori, ya sa a ɗaure igiya a tsare hanya har jirgin ya sauka.

Ran nan aka bugo waya daga Yamai, can Nijar da ke hannun Faransa a lokacin, cewa ƙaramin jirgi zai taso ƙarfe tara da wani likita. Na duba taswira, na auna nisan, na raba da gudun jirgin kamar yadda aka koya mini. Tafiyar wajen awa biyu ce. Na rubuta sha ɗaya.

Sha ɗaya ta yi, shiru. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ga garken wani mahauci, Ɗanjuma, tun hantsi yana bayan igiya, rana ta ƙwalle, shanu na kukan ƙishirwa. Ya zo yana roƙo, kasuwa za ta watse bai kai ba. Na ce a raina jirgin nan ya fasa. Na ce da Baba Mamman ya kwance igiya.

Bai motsa ba. Ya ce, "Malam, tarar nan da sunka ce, tasu ko tamu?"

Na ce tara ai tara ce.

Ya ce, "Na yi fataucin goro can. Agogonsu na bayan namu da awa guda. Ka ba ni zuwa azahar."

Raina ya ɓaci, don a gaban leburori ya faɗa, ga shi ko baƙi bai sani ba. Na ce umarni na ba shi. Ya ce, "Ka rubuta ni na ƙi. In bai zo ba a kore ni." Ya je ya zauna a gindin turken igiyar.

Sha biyu ta gota kaɗan muka ji ƙugi daga yamma. Jirgin ya sauko, ƙafafunsa suka taɓa ƙasa daidai inda shanun za su ratsa.

Washegari Baturen da ke kula da filin ya ga sha ɗaya a littafi, ya tambayi wa ya tsare hanya har sha biyu. Kafin in buɗe baki Baba Mamman ya ce, "Mu da Malam munka gyara lissahi." Daga baya na bi Baturen na gaya masa gaskiya. Bai kore ni ba, ya dai ce in riƙa tambaya.

Shekara talatin na yi a aikin nan, na horar da akawuna da yawa. Duk wanda aka kawo mini, nakan ce masa taswira za ta ba ka nisa, amma lokaci sai ka tambayi agogon wa. Kuma kafin ka ba tsoho umarni, ka fara jin inda ƙafarsa ta taka. Allah ya jiƙan Baba Mamman.