Ranar da turmin gidanmu ya yi shiru

A shekarun mulkin soja, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a Malanville, ina zaune gidan iyayen mijina bayan kasuwa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ina ƙarama. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, sai na shiga, kuma hannuna ya kama rubutu da wuri. Daɗi ya ɗebe ni, har ba na ganin abu in ƙyale shi ban rubuta ba.

Uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, gwanar waƙar daka ce. In ta ɗaga taɓarya, sai ta jero yadda take tashi kafin ladan, da ruwan gulbi da ya cinye mata gashin tsakar kai, da tsokar da ke tafiya zaure ita a bar ta da ƙanzo, da maigidan da bai taɓa tambayar ko ta ci ba. Mu matan gida mu amsa, mu yi dariya. Baba, mijinta, yana zaure yana ji, ya yi kamar bai ji ba. Haka al'adar take: abin da mace ta faɗa a bakin turmi ba a amsa shi, ba a kai shi gaba. Na san da haka, amma ban san nauyinsa ba.

Malamarmu ta ce kowa ta kawo waƙa a kan aikin mata don bikin rufe aji. Na rubuta ta Inna kaf, ban gaya mata ba, wai zan fitar da ita kunya. Na karanta gaban manyan gari, har na faɗi mai ita. Aka tafa mini. Ban lura Baba na zaune cikin 'yan uwansa masu cinikin albasa ba sai da na ga ya gyara hula ya fita.

A kasuwa abokan cinikinsa, har na garin Gaya da ke ƙetaren gulbi, suka riƙa tsokanarsa ko yau ma an bar wa tsohuwa ƙanzo. Bai yi faɗa ba. Ya sayo cinyar rago, ya ajiye gabanta, ya tambaye ta gaban 'ya'yanta ko yunwa take kwana da ita a gidansa. Ta dafa, ta raba mana, ba ta taɓa ba. Da na durƙusa neman gafara, ta ce mini a hankali ta yafe, amma waƙarta da tana bin iska tare da dusa, ni ce na ɗaure ta a takarda. Tun daga ranar daka take yi baki rufe, har Allah Ya ɗauke ta bayan damina uku.

Bayan sadakar arba'in Baba ya kira ni, ya ce in takardar nan tana nan in karanta masa. Na karanta masa. Da na gama, ya ce a da, da waƙar nan yake gane Inna ta tashi lafiya.

'Yan uwana mata masu alƙalami, ban ce aikinmu bai isa a rubuta ba, ya isa. Amma kukan wata ba naki ba ne. Tambaye ta tukuna. Ni ban tambaya ba, kuma har yau in na ɗaga taɓarya shirun Inna nake ji.