Takabar Saudat a Fassi

Saudat ƙanwar mahaifiyata ce, 'yar Fassi ta ƙasar Kibiya, ungozoma mai sanyin hannu. Da aikin gwamnati ya ƙi samuwa a Kibiya, sai ta bi wata ƙawarta Legas, ta kama aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi inda matan Hausawa ke haihuwa. Mai asibitin mutuniyar kirki ce. Saudat takan jera makonni ba hutu, sannan a tattara mata hutun ta zo gida ta ga 'ya'yanta uku, Bello da ƙannensa. Mijinta Uzairu, ɗan acaɓa, shi ke riƙe da yaran, albashinta kuma shi ke ɗora tukunya. Mutanen gari sun yi surutu har sun gaji.

Sai tirela ta bi ta kan Uzairu a hanyar Rano.

Ta iso an riga an binne shi, ta shiga takaba. Bayan sadakar bakwai mai asibitin ta kira ta yi ta'aziyya, ta ce ta ji mai takaba ba ta kwana a waje, to ta dawo, aikin rana kawai za a ba ta. Malamin unguwa ma ya sassauta, ya ce larura ce, ta fita aiki da rana amma ta kwana a ɗakin mijinta. Wai kowa ya yi mata sauƙi ke nan! Ɗakin yana Fassi, aikin yana Legas.

Alu, wan marigayin, bai ja zance ba. Ya ce in ta tsallake takabar ɗan'uwansa ta tafi, kada ta ƙara tambayar yaran.

Ta zauna saboda su. Ni na ga zaman nan, kuma har gobe raina yana ɓaci. Matar da ta karɓi haihuwa ba adadi, ga ta a tabarma tana jan carbi, waya na ruri tana kife ta. Asibiti ya jira, ya gaji, ya ɗauki wata. Ɗan abin da ta tara ya ƙare a hatsi da maganin autarta.

Ranar da ta fita takaba, ana cikin yi mata kitso, Alu ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ta sa mata albarka.

"Maman Bello, kin fita kunyarmu," in ji shi. "Amma yanzu ba ki da abin ciyar da yaran nan. Gara su dawo wurina."

Ta tashi da rabin kitso a kai, ta shiga ɗaki ta ƙulle musu kayansu.