Furar Inna a Hanyar Maradun

Bakura

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da Inna. Azumin shekarar ya faɗo cikin damina, lokacin aikin dam ɗin Bakolori. An aiko mana cewa ranar za a auna gonar mahaifinta a Maradun, wanda bai je ba kuwa ba shi da bakin neman diyya. Inna ba ta daɗe da tashi daga jinya ba, likita ya hana ta azumi, ya ce ta riƙa cin wani abu da rana kafin ta haɗiyi ƙwayarta.

Akori-kura ɗaya ce a tasha, direban yana kwance a gaba yana ramuwar barcin sahur. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya buɗe ido ɗaya.

"Malam, azumi nika yi."

"Mu ma ba biki za mu ba!"

Sai da hantsi ya dubi ludayi ya tayar da mota.

Talata Mafara

Nan na shiga neman abin da Inna za ta ci. Rumfunan masu tuwo a rufe, mai shayi ya kife tukunya. Duk wanda na tambaya sai ya dube ni sama da ƙasa. Wani mai faci har da wa'azi ya yi mini, wai ƙato kamata. Da ƙyar wata mai jego a bayan tasha ta dama mini fura a ƙwarya. Na kawo, Inna ta kau da kai.

"In sha gaban mutane? Ba ni sha."

Haka na rungumi ƙwarya a bayan tifar yashi, don babu sauran motar haya zuwa Maradun. A shingen 'yan sanda wani ya leƙa cikin ƙwaryar, ya ce Allah ya shirye ni.

Maradun

Bayan azahar muka isa. Kawu Ladan, ƙanen Inna, ya tare mu da cewa masu awo tun da safe suka tashi, saboda azumi ba su kai rana. Rabin gonar suka auna, sauran sai bayan Sallah. Muka ƙarasa gonar, na zauna a bakin kunyar gero.

Inna ta karɓi ƙwaryar daga hannuna, ta kutsa cikin geron da ya fi ta tsawo. Ta daɗe. Da ta fito ƙwaryar ba komai, idanunta sun yi ja.

Gida

A gidan Kawu muka kwana, kashegari muka iso Bakura da la'asar. Na gode wa Allah da ya dawo da ita da ƙafarta, na gode wa mai jegon nan da ban ko tambayi sunanta ba. Maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, suna tambayar yadda hanya ta yi.

"Lahiya lau," in ji Inna. "Yaron ga dai shi ad da gajen haƙuri."