Shaidu Biyu na Kawu Sajo

Kawu Sajo, yayan mahaifiyata, ba ya shan furar da ba a dama a gabansa ba. Haka muka taso muka same shi a gidansa na Mayo Gwoi, ido ɗaya a kan mai magana, ɗaya a kan hannunsa. Ya daɗe yana dillancin shanu tsakanin Lau da Jalingo, kuma alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa sayar masa da saniyar sata ba. Kafin ya saya sai ya ji shaidu biyu, kuma kada su fito daga ruga ɗaya. Yakan ce, "Wa da ƙane ai bakinsu ɗaya."

Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, wani maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin banki, ya koya masa cinikin hannun jari a waya. Kawu ya ce wannan ai dillanci ne babu kashin shanu. Sai dai wayar takan tsaya cak lokacin da farashi ke motsi, shi kuwa ya rantse an haɗa baki da ita. Da ya ji akwai kwamfuta mai furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwa biyu, sai ya ce ita yake so.

Ni na raka shi shagon Njidda, ɗan marigayi amininsa Umaru, don ni ke karanta masa Turanci.

"Bappa, manhajar nan ko mai ƙwaƙwalwa ɗaya ta ishe ta," in ji Njidda. "Gara ka ƙara ram don ta yi sauri, ka sa sikirin biyu, ka nemi sola saboda wutarmu ta Jalingo."

Kawu ya dube ni. "Kin ji? Mai kaya yana hana ni sayen kaya. Akwai dalili."

"To me za ka yi da biyu?"

"In ɗaya ta yi min ƙarya, ɗayar ta tona ta."

Njidda ya yi dariya, ya ce ba haka suke aiki ba, raba aiki suke yi. Dariyar nan ta ƙara wa Kawu zargi. Ya sayi babban allon da ake dasa su a kai, mai gurbi biyu, da ram da sikirin biyu, amma furosesa ɗaya kacal ya karɓa. Ta biyun ya aika wani direba ya sayo masa a Yola, wurin mutumin da bai san Njidda ba.

Da ta iso, Njidda ya duba lambar da ke bayanta ya girgiza kai. "Bappa, ba irinsu ɗaya ba. Ba za su tashi tare ba."

"Haka nake so. Ɗaura."

Ya ɗaura. Fanka ta juya, sikirin kuwa baƙi ƙirin.

Kawu ya miƙe da sandarsa. "Ɗan Umaru, lokacin da ka juya min baya, me ka musanya?"

Gabana ya faɗi. A kasuwar nan, in aka ce mai gyara yana musanya kayan mutane, ko rediyo ba wanda zai sake bar masa. Ga masu shagunan kusa sun fara leƙowa. Idon Njidda ya kaɗa. Kawu ne fa ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi.

Njidda ya ce a hankali, "Ruwaida, kin rubuta lambar ta Yola?"

Na ce a'a, amma Kawu ya ɗiga mata jan farce a gefe tun a gida, kamar yadda yake yi wa saniya alama. Aka ciro ta. Ga jan farcen nan.

"Bappa, ka taɓa ɗaura bijimi da maraƙi a garma ɗaya?"

"Mahaukaci ne ni?"

"To abin da ka sa na yi ke nan."

Ya ɗauko 'yar'uwar ta farko, ya miƙa wa Kawu ya jujjuya ta, sannan ya dasa a gaban kowa, hannayensa a fili. Sikirin biyu suka kawo haske. Wani mai shago ya ce, "Alhaji, shaidunka sun yi magana!" Aka bushe da dariya.

Kawu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon sikirin ɗin, sannan ya ɗaga murya yadda na waje za su ji: "Yaron nan bai musanya komai ba. Ni na faɗa, ni Sajo." Ya ƙara da cewa, "Amma na Yolan nan, Allah ya isa."

Yanzu kwamfutar tana zaurensa. Kullum da safe sai ya gwada farashin da ta nuna da na tsohuwar wayarsa, tunda ƙwaƙwalen nan 'yan ruga ɗaya ne. Duk mai neman gyara kuwa shagon Njidda yake tura shi.

"Na bincike shi," yakan ce, "ban same shi da komai ba. Tukuna."